Ra'ayinmu: Kebbi ko Doso, ina talaka ya fi samun sauƙi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, muhawarar nan ba ta mutu ba a tashoshin Birnin Kebbi da kasuwar Argungu. Wasu sun rantse cewa yanzu mutumin Nijar ya fi namu jin daɗi. Wasu suna ganin wannan magana ce ta ɓacin rai kawai.

Masu yabon Nijar suna da hujja. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta wayar gari ta zube, alhali hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A shekarar ce gwamnatin sojan Yamai ta rage kuɗin fetur, ta kuma rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Ɗan kasuwar Gaya ta Nijar da ya tsallako Kamba da sefa a aljihu sai ya ga kayanmu sun yi masa araha. Ma'aikacin Kebbi kuwa, ko da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 75,000 a 2024, buhun shinkafar da aka noma a fadamarsa ya fi ƙarfinsa.

To amma tsayayyen kuɗi ba ya nufin kuɗin na hannun kowa. Mafi yawan mutanen Nijar ba su da lantarki, kuma wutar da Yamai ta daɗe tana dogaro da ita ta Birnin Kebbi take bi. An ga haka ƙarara da aka katse ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Har yau matasan Doso da Tawa nan suke zuwa ci-rani. Masana'antun shinkafa irin Labana da WACOT, da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, dama ce da ba a samun irinta da yawa a can.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake ɓuya a bayan sunan Nijeriya. Arzikin Legas da Abuja ne ke ɗaga alƙaluman ƙasa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Kebbi cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu, ta fuskar ruwa, makaranta da lafiya. Idan aka auna ƙauyen Kangiwa da na tsallaken iyaka, sai a rasa wanda zai yi wa wani gori.

Hukuncinmu: Nijeriya ta fi dukiya da hanyoyin nema, Nijar ta fi tsayayyen farashi, talakan kowanne ɓangare kuma yana cikin ƙunci. Wanda ya fi arziki shi ya fi rashin uzuri. Gwamnatin tarayya ta tsaida naira, ta jiha ta kai likita da malami ƙauye. Iyakar Kamba kuma kada a sake rufe ta saboda rigimar shugabanni, domin manoma da 'yan kasuwar ɓangarorin biyu ne suka biya kuɗin rufewar 2023.