Mabuɗin Rumbu Ba Abin Rabawa Ba Ne



A zaman ƙungiyarmu na watan jiya an kawo shawarar a haɗa mana manhajar kwamfuta da kowane mamba zai riƙa ajiye rubutunsa a ciki, ita kuma ta tura shi rumbun bayanai na MongoDB. Na goyi baya. Waya na ɓata, kwamfuta na mutuwa, littafin da aka shekara biyu ana rubutawa ya salwanta dare ɗaya. Kuma MongoDB ya dace da aikinmu: yana ajiye kowane babi a matsayin takarda guda, da sunan marubuci da kwanan wata, har girman megabayit 16, sannan ɓ da ɗ da ƙ ba sa rikiɗewa.

Inda na ja daga shi ne da aka ce a haɗa manhajar da rumbun kai tsaye don a rage kuɗi. Wannan ganganci ne. Manhajar da ke magana da rumbu kai tsaye dole ta ɗauki adireshinsa da sunan shiga da kalmar sirri a cikinta. Ka raba ta ga mutum hamsin, ka raba mabuɗi hamsin. Duk wanda ya ɗan san kan kwamfuta zai iya zaro su. Daga nan ya karanta littafin da ba ki kammala ba, ya sayar a WhatsApp da sunansa, ko ya goge na kowa.

Masu cewa "wa ya san da mu?" su tuna Janairun 2017, lokacin da ɓarayin intanet suka share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, suka bar saƙon neman fansa da Bitcoin. Ba su zaɓi manya ba. Na'ura ce ke laluben ƙofa mai lamba 27017, duk wadda ta samu a buɗe ta faɗa.

Gyaran a fili yake: a sa saba a tsakani. Ita kaɗai za ta riƙe mabuɗin, kowane mamba ya shiga da kalmar sirrinsa, ta nuna masa nasa kawai. A kuma riƙa kwafe rumbun duk mako a ajiye a wani faifai daban.

Na san zai ƙara kuɗi. Araha ba ta ado. In asusun ƙungiya bai kai ba, mu jira ya kai. Ni dai ba zan sa babi ko ɗaya a ciki ba sai an gyara.