Bargon jika: a bar kaka ta ɗinka da hannunta

Wanda ya leƙa ɗakin mai jego ranar suna a Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi, zai tarar da kayan barka jibge a kan gado: turamen atamfa, sabulai, 'yan riguna, da bargon nan mai gashi-gashi da ke zuwa cikin jakar leda mai zif. Da wuya ya ga abu guda da hannun wani ɗan gidan ya ɗinka. A ganina wannan rashi ne, kuma kaka ce ta fi kowa cancantar cike shi, ta hanyar haɗa ƙyallayen auduga ta ɗinka wa jikanta bargo.

Ba baƙuwar sana'a ake nema a shigo da ita ba. Ƙasar Zazzau ta arewa ƙasar auduga ce tun kafin a san ta da raken Makarfi da tumatirin Ikara. Mata su gurza, su shiɓa, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su mayar da shi gwado da zanin goyo. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta shafe shekaru tana fitar da irin auduga, masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 da takwarorinta na Kakuri suna sayen audugar. Da masaƙar UNTL ta tsayar da aiki a 2007, sai kasuwa ta koma hannun kayan waje da gwanjo. Kaka ɗaya ba za ta tayar da Kakuri ba, wannan gaskiya ne. Amma allura ba ta bar gidajenmu ba. Hannun da ke zama wata guda a kan hula ɗaya ba zai kasa jera ɗinki a kan yadi guda ba, kuma ƙyallayen da teloli ke sharewa su ƙona ana jajibirin Sallah sun isa a rufa jarirai masu yawa.

Hujja mafi nauyi ita ce lafiyar yaron. Jariri na saurin rasa ɗumin jikinsa, ga hunturun Disamba da Janairu a wannan yanki ba ya wasa. Bargon kanti, wanda yawancinsa zaren roba ne, yana da ɗumi, amma ba ya shan gumi, ga nauyi idan ya jiƙe, alhali mai jego kullum cikin wanki take. Akwai kuma batun wuta, domin ɗakin jego ba ya rabuwa da garwashi da ruwan zafi. Auduga ma tana cin wuta, amma zaren roba narkewa yake yi ya manne a fata. Bargon da aka yi da falle biyu ko uku na atamfar da ta sha wanki ta yi laushi, aka bi shi da ɗinki kusa da kusa don kada cikinsa ya dunƙule, ana iya tsoma shi a ruwan zafi da safe, kafin la'asar ya bushe a igiya.

To me ke hana mu? Kunya ce. A wurinmu faci alamar babu ce, kuma babu kakar da ke son dangin uba su ɗaga kayan barka su ce tsumma ta kawo. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne, don taron suna wuri ne da ake auna mutuncin gida. Amma akwai bambanci tsakanin toshe ɓula da tsara launi. Wanda aka yanka ƙyallayensa daidai wa daida, aka jera shuɗi kusa da fari da niyya, aka naɗe bakinsa da kyau, aikin gwani ne, kuma ido na gane shi. A Bangaladash da gabashin Indiya mata na haɗa tsofaffin zannuwansu su ɗinka abin da suke kira kantha, da shi ake naɗe jarirai ba tare da kowa ya ji kunya ba. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama ta Amurka, bargunan da jikokin bayi suka ɗinka da tsofaffin kayan aikin gona sun shiga manyan gidajen adana zane-zane a 2002. Talauci ne ya fara sa su ɗinkin, amma yau gwaninta ake zuwa kallo. Bargon kaka kuwa yana da abin da kanti ba ya sayarwa: ga yankin zanin da ta goya uwar yaron da shi, ga ragowar atamfar lefe.

Wasu za su ce ina lokaci, wasu kuma su ce ba a shirya wa abin da bai zo duniya ba. Na biyun ya fi rauni, tunda masu faɗarsa su ne ke sayen baho da bargon kanti tun ciki na wata bakwai. Idan ma kawaici ya hana, al'ada ta riga ta buɗe ƙofa: mai cikin fari kan dawo gida goyon ciki, ta zauna har ta gama wankan arba'in, kuma kwana arba'in sun ishi mai keke, sun ishi mai ɗinkin hannu da ke ɗaukar allura bayan azahar. Ba dole ne bargon ya riski ranar suna ba.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne na tsaro. A zaɓi auduga zalla, a wanke ƙyallayen tela kafin a yanka don rini ya zuba, kada a sa maɓalli ko duwatsun ado da yaro zai iya haɗiyewa, kada a bar zare yana reto ya naɗe masa yatsa. Kuma komai sanyi, bargon ya tsaya a ƙirji, kada ya hau fuskar jariri yana barci.