Mudu Ɗaya Ga Kowa, Har A Aikin Manhaja

Duk mai sayen hatsi a Kuseri ko Amchide ya san abin da ke kashe kasuwa: mudu biyu, ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa. Jama'a, wannan magana ta shafi wayar da ke aljihunmu.

Yawancin wayoyinmu Android ne, wanda aka gina a kan Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. Kowa na iya kawo mata gyara, amma ba ya shiga sai masu kula da sashen sun duba. Tun 2004 kuma dole mai gyara ya sa sunansa, kamar shaidar ciniki. Inda dubawa ta yi rauni, an ji jiki. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin mutane a intanet. Mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya duba, kuskuren ya wuce, ya yi shekara biyu ba a gani ba.

Abin ya iso ƙofarmu. A 2021 shirin Common Voice na Mozilla ya fara fitar da muryoyin Hausa, tare da na Basaa ta nan Kamaru. Mutum zai karanta jimla a naɗi muryarsa, domin na'ura ta koyi jin harshen. Ba a karɓa sai mutum biyu sun saurara sun amince, kuma ƙa'idar ta gargaɗi masu dubawa kada su ƙi murya don bambancin lafazi. Wannan ne ke ba Hausar Briqueterie damar tsayawa kusa da ta Kano.

Saboda haka muke kira ga matasanmu na Yawunde masu rubuta manhaja da su rubuta ƙa'idar dubawa tun ranar farko. Kowane gyara mutum biyu su gani. Wanda ya kafa aikin ma a auna shi da mudun da ake auna sabon shiga. In an ƙi gyara, a faɗi dalili a fili. Wasu za su ce wannan jinkiri ne, to amma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ku kuma 'yan kasuwa, duk wanda ya kawo muku manhajar rubuta bashi, ku tambaye shi: ban da kai, wa ya duba ta? In babu amsa, ku riƙe littafinku.