Bindigar maharbi da bindigar ɓarna: batun maƙeran Dogarawa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Dogarawa da rani, bayan an cire albasa a fadamun Galmi, ya san ba a rasa cin karo da maharbi, bindiga a kafaɗa, kare na biye. A da ba mai waiwayarsa. Amma tun da ƴan bindiga suka addabi ƙasashen Sakkwato da Zamfara, ga shi kuwa tsakanin Birnin Ƙonni da Ilelar Najeriya kilomita kaɗan ne, duk ƙarfen da ke aman wuta ya zama abin tuhuma. Don haka ya kamata masu karatu su san yadda ake rarrabe bindigogi, kada a kama mai neman zabo a bar mai neman rai.

Abu na farko shi ne faɗin bakin bindiga, wanda ake ce ma kalibir da Faransanci. Bindigar farauta da aka fi sani a ƙasarmu ita ce lamba 12. Wannan lamba ba awon milimita ba ce. Asalinta, idan aka raba laba ɗaya ta darma, wato giram 454, aka yi dunƙule 12 daidai wa daida, to kowane dunƙule zai cika bakin bindigar, wanda faɗinsa ya kai milimita 18 da rabi. Shi ya sa lamba 16 da lamba 20 suka fi ta ƙanƙanta, ko da yake ga kunne kamar sun fi girma. Cikin bututunta sumul yake, tana watsa ƙananan ƙwayoyin darma, kuma bayan taki 40 ko 50 ƙarfinta ya soma mutuwa. Ga zomo da fakara da zabon daji, waɗanda kusan su kaɗai suka rage tsakanin kwarin Magiya da duwatsun Adar, ta isa har ta yi yawa.

Bindigar yaƙi kuwa wata halitta ce dabam. Bakin Kalashnikov bai wuce milimita 7,62 ba, amma an yi ma cikin bututunta zane mai murɗiya wanda ke juya harsashi, ya tafi ɗaruruwan mita bai karkace ba, kuma gidan harsashinta na ɗaukar 30. Wanda ya ce da ita yake neman fakara, sai a tambaye shi ina fakarar.

Tsakanin biyun akwai bindigar da ke ɗura kanta bayan kowane harbi, da ƙarfin hayaƙi ko da naushin da take yi baya, sai dai kowane harsashi sai an ja kunama. Ba sabuwa ba ce: tun farkon ƙarni na 20 ma'aikatar FN ta garin Herstal a Beljiyam ke ƙera irin wadda Browning ya tsara. A Turai da Amurka akwai maƙeran da ke haɗa ta bisa odar mai saye, su auna tsawon hannunsa, su zaɓa mashi kalibir daidai da naman da yake nema. Amma ko a Faransa doka ba ta yarda maharbi ya shiga daji da mai harbi fiye da sau 3 a jere ba. A wurinmu, inda naman ya ƙare kuma harsashi ke da tsada, ba mu ga hujjar shigowarta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen maƙeranmu. Talakan da bai iya sayen Simplex ta Faransa ko Baikal ta Rasha, wurin maƙeri yake zuwa. Maƙerin ya gaji sana'ar harba-ruga, wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, kuma a wannan ba a raina gwanintarsa. Matsalar ta taso ne da aka soma buƙatar ya yi mai cin harsashin kanti. Albarushin harsashin zamani ya fi na gargajiya matsi nesa ba kusa ba, ƙarfen da maƙeri ke samu kuwa ba don wannan aiki aka narka shi ba, ba kuma inda ake jarraba shi kafin a miƙa ma mai shi. In ta fashe, yatsu da idon maharbin ne ke biya. Sannan bindigar ba ta da lamba: in an tsince ta inda aka yi fashi, ba mai cewa daga wace maƙera ta fito.

Ba doka muka rasa ba. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta, ta wajabta takardar izini, ta hana farautar dare da amfani da makaman yaƙi. Tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta nemi kowace ƙasa ta ƙidaya maƙeran bindigarta ta yi masu rajista. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, amma ficewar ba ta rage ko bindiga ɗaya a kasuwannin iyaka ba, kuma aikin ƙidayar bai taɓa buƙatar izinin Abuja ba.

A ganinmu kamun maƙeri ba ya kashe maƙera, sai dai ya maida ta ƙuryar ɗaki. Sarakunan gargajiya na Dogarawa da Ƙonni da Ilela sun san maƙeransu gida gida, kowane sarkin maƙera ya san yaransa. Ta hannunsu za a iya buɗe littafi a ofishin magajin gari, a buga ma kowace bindiga lamba, a rubuta sunan mai ita da kalibir ɗinta, a kuma faɗa ma maƙeri a fili cewa baki ɗaya, harbi ɗaya, shi ne iyakarsa. Jandarman da ya tare maharbi a hanyar Malbaza sai ya duba lambar da ke jikin ƙarfen, ya gwada ta da ta takarda.