Raddi Ga Mai Cewa Zolayar Shugabanni Ba Gadonmu Ba Ce

Makonni uku ke nan da wani malami, wanda nake ganin girman shekarunsa da karatunsa, ya tashi a wani zaman dattawan Hausawa a cikin garin Gadarif ya yi jawabi a kan barkwanci. Ban halarci zaman ba, amma muryarsa ta iso mu har Gedambaliya a cikin waya. Na saurare ta sau biyu, kuma tun ranar raina bai kwanta ba. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake faɗa. Zan kawo abin da ya ce, in bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyar ya kafa. Na ɗaya, wai zolayar masu mulki da yi musu shaguɓe baƙon abu ne, 'yan boko da talabijin suka kawo shi, Bahaushen asali mai kunya ne, bai san shi ba. Na biyu, wai addini ya haramta. Na uku, wai nukta, wato labarin ban dariya, ita ce ta zubar mana da mutunci a Sudan. Na huɗu, wai dariya ba ta taɓa gyara komai ba. Na biyar, wai lokacin yaƙi ba na wasa ba ne. In an tace jawabin, Malam so yake mu kama bakinmu, mu sunkuyar da kai, mu sa wa wannan suna ladabi.

Zan fara da ta farko, domin a kanta ya ɗora sauran, kuma ita ce ta fi kowacce rauni.

Allah ya gafarta Malam, wane Bahaushe kake nufi? A wane gari ya girma? Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe. Daga goma ga watan azumi yara ke fita da dare gida-gida. A cikin wasanninsu akwai wanda yaro ke manna gemun auduga, ya rataya allo, ya fito a malami, sauran suna tuhumarsa da yin rawa yana musantawa, har a ƙarshe ya taka a gabansu. Malamin da yake faɗin abu yana aikata kishiyarsa ake yi wa hannunka mai sanda, a ƙofar gidan malamai, a cikin wata mafi alfarma, kuma matan gidan su fito da hatsi su ba yaran. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, mai bin marasa aure da kiɗa a cikin wannan wata, kuma fada ta san da sarautarsa. Wane Bature ne ya naɗa Nalako?

Mu shiga fadar kanta. A wasan gauta, matan gidan sarki ne ke shigar sarki da fadawansa. Wannan ta zama waziri, waccan ta zama alƙali, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa da halinsa, mai kwaɗayi a nuna kwaɗayinsa, mai zalunci a nuna zaluncinsa, sarki yana zaune yana kallo. A Damagaram samari suna yin wasan kara, su fito a hakimai da manyan ma'aikatan gwamnati. 'Yan kama kuwa sana'arsu ke nan: su juya karatun malamai da waƙoƙin fada su mayar da su zancen tuwo da miya. 'Yan gambara suna yawo kasuwa-kasuwa da bakin da ba ya tsoron attajiri. Harshen kansa shaida ne. Al'ummar da ba ta san abu ba ba ta rarraba masa sunaye, mu kuwa muna da zambo, da habaici, da shaguɓe, da gatse, da ba'a, da zolaya, da gugar zana, kowanne da ma'anarsa da muhallinsa. Makaɗin fada da bai iya zambo ba ai bai gama koyon kiɗa ba, domin da yabon ubangidansa da zambon abokin hamayyarsa tare suke tafiya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, mutane sun ji tsoron zambonsa kamar yadda suka yi kwaɗayin yabonsa, kuma bai yi boko ba.

Ga kuma wasan dangi da na ƙabilu. Jika da kaka, taubashi da taubashiya, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Mutum ya gaya wa ɗan'uwansa magana mai nauyi a cikin raha, a yi dariya, a gyara, ba a zare wuƙa ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar a cikin jerin abubuwan gado na duniya. Duniya tana yabonmu da abin da Malam ke cewa ba namu ba ne!

Da rubutun boko ya zo, gadon nan ya tarar, ya ɗauka. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, cike yake da malaman ƙarya da alƙalan da ake yi wa wayo, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta kunyata juna daga gari zuwa gari. Imam ɗan gidan malamai ne, kuma da wannan littafi aka koya wa yaran Arewa karatu shekara da shekaru. A zamanin mulkin soja a Nijeriya, Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya yi shekaru yana fitowa a Samanja daga Kaduna yana nuna halin bariki, sojoji suna cikin masu kallonsa.

To mu da muke nan fa? Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, wasu don hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, suka bazu zuwa Gadarif da Kasala, shin a Chadi suka sauke harshensu suka taho da kunya zalla? Malam ya fito Gedambaliya lokacin yankan riɗi ko girbin dawa. Nan ne aka fara noman inji a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, kuma tun daga lokacin akwai mai babbar gona, akwai wakilinsa, akwai lebura. Ya zauna da leburori da dare ya ji yadda suke kwaikwayon muryar wakili idan yana ƙwange musu lissafi. Da Hausa suke yi, da Larabci suke yi, ba wanda ya koya musu a talabijin. Mutumin da ya yi wuni a sunkuye, aka zaftare masa lada, ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara, wannan kwaikwayon ne kaɗai hukuncin da yake iya yankewa. Wallahi abin takaici ne mai ilimi ya tsaya gaban dattawa ya shafe wannan tarihi duka da jimla ɗaya, su kuma su gyaɗa kai.

Sai batun addini. Malam ya kafa hujja da aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da munanan laƙubba. Na karɓa hannu biyu. Amma me ya sa ya tsallake aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana? Me ya sa bai ambaci Hassanu bn Sabit ba, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya mayar wa Ƙuraishawa da martani da waƙar zambo? Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi yana raha, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Ga ma'aunin nan a fili. Sayyadina Umar ya tsare mawaƙi Huɗai'a saboda zambon da ya yi wa Zibriƙan bn Badr, bayan ya nemi Hassanu ya tantance masa baitin. Wato an duba waƙa ɗaya, an ga cin mutunci ce, an hukunta mai ita, kuma ba a rufe bakin mawaƙa ba. Jahiz ya rubuta littafi sukutum a kan marowata. Ibnul Jauzi, babban malamin Hambaliyya kuma mai wa'azin Bagadaza, ya tara labaran wawaye da gafalallu, har da babi a kan alƙalai da masu mulki. Malam ya san waɗannan littattafai. Sanin nasa ne ya sa shirunsa a kansu ya fi ba ni haushi.

Magana ta uku ita ce mai ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi mata rowa ba. Duk Bahaushen Sudan ya san zafin nuktar ƙabila. Mun ji an kwaikwayi Larabcin iyayenmu a cikin mota ana ƙyalƙyata dariya. Mun ji yadda ake furta Takari da Fallata, sunayen da ake kiranmu da su, da sautin raini. Ƙungiyoyin barkwanci na Khartum sun yi shekaru suna cin abinci da nuktocin ƙabilu a kaset da dandamali. Wannan shi ne izgilin da ayar Hujurat ta hana, kuma ina tare da Malam wajen la'antarsa. Amma wa yake yi wa wa? Mai ƙarfi ne yake taka marar ƙarfi, jama'a suna tafa masa. Wanda Malam ke so a hana kuwa shi ne na talaka da ke duban sama yana nuna ɓarawon da ke kan kujera. Haɗa su a kwando ɗaya daidai yake da hana makiyayi sanda don ɗan fashi ma yana riƙe da sanda. Sa'an nan a tuna, maganar da ta fi yi mana ciwo ba da wasa aka yi ta ba. A watan Oktoba na 2008 jaridar Al-Ayyam ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar da ta taɓa zamanmu 'yan ƙasa, fadarsa ta musanta, Hausawa suka cika titunan Gadarif da Kasala, jini ya zuba. Kashe-kashen jihar Nilul Azraƙ na watan Yuli da na Oktoba 2022 a kan ƙasa da sarauta aka yi su, da jawabai na gaske, fuska a murtuke. In mun daina zolaya yau, masu raina mu ba za su daina ba. Mu kaɗai za mu ajiye makami.

Ta huɗu: wai dariya ba ta gyara komai. Ba wanda ya ce zane ko waƙa ke tuɓe shugaba. Aikinsu cire tsoro, kuma mulkin zalunci da tsoro yake numfashi. Nafi'u Ali Nafi'u, jigo a gwamnatin Bashir, ya ce wa masu son kayar da gwamnati su lashi gwiwar hannunsu. Matasa suka ɗauki maganar suka raɗa wa zanga-zangar 29 ga Yuni 2012 suna Juma'ar lasar gwiwar hannu. Laƙabin kezan da aka manna wa 'yan gwamnati ya yi musu lahanin da dogayen maƙaloli ba su yi ba. Zane-zanen barkwanci na Khalid Albaih sun hau bangayen Alƙahira da Beirut a 2011. Gadarif tana cikin garuruwan farko da suka tashi a Disamba 2018, Bashir ya faɗi ran 11 ga Afrilu 2019. In abin ba ya cizo, me ya sa ake ɗaure masu yinsa? Me ya sa aka ƙwace littafin Abdul'aziz Baraka Sakin a kan jangu, leburorin gonakin wannan yanki namu, bayan ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009? Me ya sa aka ɗaure ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ɗan Ibro a Kano a 2008? Ba a ɗaure abin da ba a tsoro.

Ta biyar ba ta buƙatar dogon zance. Tun 15 ga Afrilu 2023 muke cikin yaƙi, kuma da Madani ta faɗi a Disambar 2023 makarantun Gadarif sun cika da 'yan gudun hijira. Ba mai hankalin da zai yi dariyar gawa ko ta mai yunwa. Amma mai sayar da kayan agaji a kasuwa, da mai ɓoye dawa don ta yi tsada, yaƙin ne ya ba su rumfa, kuma shirunmu suke roƙo.

Saboda haka ina roƙon Malam da girman Allah ya sake zama ya raba abin da ya haɗa. Ya hau mumbari ya yaƙi nuktar da ke wulaƙanta ƙabila, da ƙaryar da ake yi wa mutum don a ba jama'a dariya, da ba'ar nakasasshe da matalauci. Zan zauna a sahun gaba in ce amin. Amma leburan Gedambaliya da ke kwaikwayon wakilin da ya cinye masa guminsa, a bar shi ya yi. Sarakunan da suka fi wakilin nan ƙarfi sun zauna sun kalli gauta, sun ga kansu, wasu sun gyara. Mai son leburan ya yi shiru, hanya ɗaya ce: a biya shi haƙƙinsa cif.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon binta.