SHARHI: Horon shugabanci da iya jawabi ga matasan Kirista: me ke jiran mai neman gurbi daga Zamfara?

Duk shekara ƙungiyoyin addinin Kirista na cikin gida da na ƙetare suna fitar da sanarwar neman matasan da za su ba horon sanin makamar aiki a fannin shugabanci da iya jawabi a gaban jama'a. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: takardar tarihin karatu da aiki, gajeren rubutu kan dalilin neman gurbin, wasiƙar shaida daga fasto ko fada, sau da yawa kuma da bidiyon mai nema yana magana da Turanci.

Ga matashin da ke Jos ko Abuja, wannan aikin yini ɗaya ne. Ga takwaransa na Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu kuwa, kowane sharaɗi yana tafe da tambayar da masu tsara fom ɗin ba su cika tunawa da ita ba: wace hanya zai bi ya isa wurin horon, me za a koya masa, kuma a ina zai yi amfani da shi ba tare da ya jefa kansa ko ikilisiyarsa cikin haɗari ba?

Su wane ne waɗannan matasa?

Kiristocin Zamfara tsiraru ne, amma ba jiya suka zo ba. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya janyo ma'aikata da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga daga sassan Najeriya, kuma jikokin wasunsu ba su san wani gida ba bayan Sabon Garin Gusau. Akwai 'yan asalin Zuru da kudancin Kaduna da Filato, akwai Hausawa Kirista da ke kiran kansu Masihiyawa, ga kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da masu yi wa ƙasa hidima.

Cocin Angilika na da dayosis a Gusau, mabiya Katolika na jihar kuma suna ƙarƙashin dayosis ta Sakkwato, wadda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011. Kafin a fara maganar wani horo daga waje, waɗannan majami'u sun daɗe suna koyar da magana. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, da reshen matasa na CAN, da Boys' Brigade, da ƙungiyar masu yi wa ƙasa hidima ta NCCF, duk wurare ne da yaro ke fara riƙe makirfo, ya jagoranci addu'a, ya riƙe littafin kuɗi, ya sha gyara daga manya. Haka MSSN ke yi wa matasan Musulmi tun 1954.

Ke nan abin da matashin Zamfara ya rasa ya fi karkata ga takardar shaida da sanin mutane da hanyar samun aiki. Shi ya sa irin wannan gurbi ke da daraja a wurinsa fiye da yadda masu bayar da shi suke tsammani.

Hanya da waya da harshe

Cikas na farko ita ce hanya. Wanda zai fita daga Gusau zuwa Zariya ko Kaduna ko Abuja ta mota sai ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa, hanyar da ta yi ƙaurin suna wajen tare matafiya. A watan Agustan 2023 an sace matasa takwas 'yan Akwa Ibom a kan babbar hanya a Zamfara, suna tafiya sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Sakkwato. Bayan wata guda, ranar 22 ga Satumban 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata. Ita kanta hukumar NYSC sai da ta ɗauke horon sansani daga Tsafe ta mayar Gusau saboda tsaro.

Shirin da ya ce wa matashi ya zo Abuja don ganawa ta minti ashirin, kuma kuɗin mota a aljihunsa, ya riga ya tace masu nema tun kafin a karanta rubutun kowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne.

Mayar da komai kan intanet ma bai warware matsalar ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Ko a lokacin da layi ke aiki, ɗora bidiyo daga ƙauyen Tsafe ko Bunguɗu na buƙatar waya mai kyau da data da wutar caji, abubuwan da ɗan manomin da aka raba da gonarsa ba lallai ya mallaka ba.

Sai batun harshe. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da Hausa majami'u da dama na ECWA da HEKAN ke sujada. Matashin da zai iya riƙe hankalin jama'a na rabin sa'a da Hausa yana iya faɗuwa a bidiyon Turanci na minti biyu. Alhali idan ana neman wanda zai yi magana da maƙwabta da masu unguwa da jami'an tsaro a Zamfara, Hausar ce jarinsa.

Magana zarar bunu

Galibin darussan iya jawabi ana ɗebo su ne daga Amurka da Ingila: ka tsaya da ƙarfin hali, ka kalli idon masu sauraro, ka faɗi abin da ka yi imani da shi ba tare da tsoro ba. Shawara ce mai kyau a inda doka ke kare mai magana. Sashe na 38 da na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan Najeriya 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki, sai dai tarihin yankin nan ya nuna cewa taron jama'a kan riga kotu yanke hukunci.

A watan Agustan 2016 aka zargi wani ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau da ke Talatar Mafara da kalaman ɓatanci. Mutum takwas ne suka rasa rayukansu lokacin da aka cinna wuta a gidan mutumin da ya kai ɗalibin asibiti. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan wani saƙon murya da ta tura a WhatsApp. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Bauchi, ta shafe kusan wata 18 a tsare saboda saƙon da ta yaɗa game da kisan, kafin daga baya kotu ta wanke ta. A watan Yunin 2023 kuma wani mahauci Musulmi, Usman Buda, ya rasa ransa a Sakkwato bisa irin wannan zargi.

Alhakin waɗannan kashe-kashe yana wuyan waɗanda suka aikata su da hukumomin da suka gaza hukunta su. Amma mai horar da matashin da zai koma Tsafe yana da nasa nauyin. Ya kamata ɗalibinsa ya san abin da Musulmi ke girmamawa da dalilin hakan, ya san cewa dokokin Shari'a da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Gusau a watan Oktoban 1999 an tsara su ne don Musulmi, ya kuma san cewa dokar Penal Code, wadda ta hau kan kowa, ta haramta cin zarafin addini. Ya san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, da aka sha amfani da shi wajen kama mutane kan abin da suka rubuta. Ya san lauyan da zai kira idan ta ɓaci. Horon da bai ƙunshi waɗannan ba ya koya wa yaro harbi ne bai nuna masa inda bakin bindiga ke kallo ba.

Lokacin da duniya ke neman shaidu

Akwai wani sabon nauyi. Ranar 31 ga Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke nuna damuwa ta musamman a kansu game da 'yancin addini, jerin da aka saka ta a 2020 aka cire ta a 2021. Tun daga nan muhawara kan zargin kisan ƙare dangi ga Kiristoci ta mamaye kafafen yaɗa labarai, kuma matashi Kirista daga jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a, wanda ya iya Turanci, shi ne irin muryar da ƙungiyoyin waje ke nema.

Yana da abin faɗa na gaskiya. Shugabannin Kirista a jihohin Arewa maso Yamma sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun filin gina coci, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da takardar shaidar asali da ke hana wanda aka haifa a Gusau cin gajiyar wasu guraben. Amma akwai wata gaskiyar da ba ta rabuwa da wannan: mafi yawan waɗanda 'yan bindiga ke kashewa da sacewa a Zamfara Musulmi ne. Ɗalibai mata 279 da aka sace a Jangeɓe a watan Fabrairun 2021, da manoman Tsafe da ke biyan haraji kafin su yi girbi, da masallatan da ake ɗauka a sallar asuba, duk shaida ne.

Mai jawabin da aka koya wa faɗin rabin labari zai samu tafi a ƙetare, ya dawo ya tarar ya rasa amincewar maƙwabtansa. Wanda ya iya faɗin duka biyun kuwa zai zama abin da Zamfara ke ƙishirwarsa. Misalai suna nan kusa: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori biyu masu gaba a Kaduna, sun haɗu sun kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a tsakiyar shekarun 1990. Imam Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Filato ya ɓoye Kiristoci 262 a masallaci da gidansa a watan Yunin 2018.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Inda ake da matasa masu ƙishirwar fita, nan 'yan damfara ke kafa tarko, kuma sunan Allah a saman takarda kan sa mutane su sassauta bincike. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda aka ja 'yan matan Afirka zuwa Alabuga a Rasha da alƙawarin karatu da aiki, suka ƙare a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa. Wannan ba shirin addini ba ne, amma salon yaudarar ɗaya ne.

Mai nema na iya kare kansa da tambayoyi kaɗan. Shin ƙungiyar na da rajista da hukumar CAC? Shin bishop ko sakataren gundumar cocinsa ko ofishin CAN na jiha sun san ta? Su wa suka kammala shirin a baya, kuma za a iya magana da su? Wa zai biya kuɗin mota da masauki da abinci? Me za a yi da lambar NIN da hoton fasfo ɗinsa, tunda dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi 'yancin sani? Duk wanda ya nemi a tura kuɗi asusun mutum ɗaya, ko ya yi alƙawarin biza kamar a aljihunsa take, to a yi hattara: a watan Yulin 2025 Amurka ta taƙaita akasarin bizar 'yan Najeriya masu ziyara zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. Hukumar NAPTIP na karɓar rahoto kan duk tayin da ya yi kama da safarar mutane.

Bayan an karɓi takardar shaida

Tambaya mafi wuya ita ce ta ƙarshe: wa matashin zai shugabanta? Dokar da aka sanya wa hannu a 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma ba ta sauya lissafin ƙuri'a ko na asali ba. Ga ɗan tsiraru a Zamfara, ƙofar siyasa ƙunƙuntacciya ce. Saboda haka horon da aka yi da niyyar gina shugabanni kan iya zama tikitin ƙaura: wanda ya fi hazaƙa ya tafi Jos ko Abuja, ikilisiyar da ta rubuta masa wasiƙar shaida ta rasa shi.

Ba a ga laifin wanda ya tafi neman tsira da abinci ba. Sai dai shugabanci bai tsaya ga kujerar siyasa ba. Asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da gidajen rediyo da ayyukan agajin 'yan gudun hijira duk suna neman wanda zai iya rubuta koke, ya zauna da hakimi, ya yi bayani a gaban kwamishina.

Don haka akwai abin da kowane ɓangare zai iya yi. Masu shirya horo su karɓi bidiyo da Hausa, su ɗauki nauyin tafiya, su kawo wani sashe na horon Gusau, su kuma saka malaman Musulunci da lauyoyi cikin masu koyarwa. Majami'u su tantance sanarwa kafin a karanta ta ranar Lahadi, su kuma daina mayar da wasiƙar shaida gadon 'ya'yan dattawa. Gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, na iya farfaɗo da gasar muhawara tsakanin makarantu, inda ɗan FCS da ɗan MSSN za su tsaya a layi ɗaya su kare batu ɗaya.

Shi kuwa mai neman gurbi, kafin ya aika da takardunsa, ya tambayi masu shirin abu guda: wanda kuka horar daga wuri irin nawa, ina yake yanzu, kuma me yake yi? Amsar da suka bayar za ta gaya masa ko tafiyar ta cancanci bin hanyar Tsafe.