Kuzar Riruwai, Wasan Harbi da Manhajar da Ba Ta da Kwaɗo

Musu iri biyu ne ke yawo a bakin samarinmu masu taɓa waya da kwamfuta a kudancin Kano, tun daga Kwanar Ɗangora har Riruwai. Na farko mai zafi ne, kowa da bakinsa a ciki: tsakanin Free Fire da PUBG da Call of Duty, wanne ne wasan maza? Na biyu ba shi da 'yan kallo, sai ɗaiɗaikun ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu shagon buga takardu: Windows ko Linux? Iyaye sun ɗauki na farko shiririta, na biyun kuwa ba su ma san ana yin sa ba. Ni a wurina musun guda ɗaya ne, kuma ya shafi abin da yaran nan za su ci abinci da shi nan da shekara goma.

Bari mu fara da wasannin. Free Fire na kamfanin Garena ne da ke Singafo, ya fito a 2017. Ana zuba mutum 50 a tsibiri, cikin kamar minti goma an yi an gama. Abin da ya ba shi kasuwa a karkara shi ne rashin nauyi: ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno tana ɗaukar sa, ba ya cinye data da caji kamar sauran. PUBG na waya ya zo a 2018 da mutum 100, filinsa ya fi faɗi, zagaye ɗaya yakan kai rabin awa, kuma mai gaggawa ba ya daɗewa a cikinsa. Call of Duty na waya ya biyo baya a Oktoban 2019, ya fi su kyan hoto da sauri, ya kuma fi su neman waya mai tsada. Masu buga shi sukan raina 'yan Free Fire, su ce wasan yara ne. In ka bi diddigi, yawancin musun na aljihu ne: kowa yana yabon abin da wayarsa za ta iya ɗauka.

Amma duk cikin ukun nan babu wanda yake kwaikwayon aikin soja na haƙiƙa. A cikinsu harsashi zai same ka, ka laɓe bayan bango ka ɗaure raunin, cikin daƙiƙa kaɗan ka miƙe garau. Masu kwaikwayon soja da gaske wani jinsi ne daban, a kwamfuta ake buga su, shi ya sa ba su yaɗu a wajenmu ba. Babbansu shi ne Arma 3 na kamfanin Bohemia Interactive da ke ƙasar Cek, wanda ya fito a 2013. Tsibirin da ake yaƙin a kansa ya kai murabba'in kilomita 270. Kayan da ka ɗauka suna da nauyi, in ka yi gudu da su za ka gaji, hannunka ya riƙa rawa. Harsashi yana sunkuyawa in tafiyarsa ta yi nisa. Kana iya daɗewa kana tafiya da taswira da kamfas ba ka ga kowa ba, sai harsashi ɗaya daga inda ba ka sani ba ya gama da kai. Akwai kuma Squad, inda ake karawa mutum 50 da 50 a ƙananan rukunoni, wanda duk ya ƙi sauraron shugaban rukuninsa ya jawo wa 'yan'uwansa asara. Daga zuriyar Arma aka samu manhajar VBS da sojojin Amurka da na Ingila suke atisaye da ita. Rundunar sojan Amurka ma ta taɓa yin nata wasan, America's Army, a 2002, don jawo matasa su shiga soja, ba ta rufe shi ba sai a 2022. Duk uban da ke ganin abin nan wasa ne kawai, ya tambayi kansa me ya sa runduna guda ta yi shekara 20 tana kashe masa kuɗi.

In dole sai na zaɓa, na fi yarda da irin su Arma. Suna koya wa yaro haƙuri, karatun taswira, magana da abokan aiki, da sanin cewa mutuwa ba ta da arha. A 2017 masu Arma 3 har sun haɗa kai da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka fitar da wani ƙari a kan dokokin yaƙi, inda ɗan wasa yake bin gari yana tsince nakiyoyin da yaƙi ya bari, yana ganin abin da suka yi wa farar hula. Wannan ya fi wasan da mafi yawan abin da yake koyarwa shi ne saurin yatsa da sayen riguna na bogi da kuɗin gaske.

Sai dai mutanen Doguwa da Tudun Wada ba sa bukatar allo ya gaya musu mene ne bindiga. Dajin Falgore yana tsakaninsu. Sun ga shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da shi mafaka, lokacin da direban da zai bi hanyar Jos yake duba rana kafin ya shiga. Sun ga sojoji sun zo da atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017, kuma a zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje aka ware wa soja filin horo a dajin. A irin wannan wuri kamannin da Arma ke yi da gaskiya yana da nasa haɗarin. An sha yanko bidiyo daga cikinsa a watsa a Facebook da WhatsApp a ce yaƙin Yukiren ne a 2022, ko na Gaza a 2023, har kamfanin da kansa ya fito yana koya wa jama'a yadda za su gane na jabu. Tun a 2011 gidan talabijin na ITV a Ingila ya saka hoton Arma 2 a cikin shirin gaskiya, ya dawo yana ba da haƙuri. In manyan 'yan jarida za su ruɗu, ina ga dattijon da aka turo wa bidiyo da dare aka ce masa ga abin da ke faruwa a dajin da ke bayan gonarsa? Yaron da ya san wasan shi ne zai kalla ya ce, Baba, kwantar da hankalinka, wannan ba mutane ba ne.

Ga inda musun biyu suka haɗu. PUBG ɗin da yaranmu ke kwana a kai, daga cikin Arma aka haife shi. Masu Arma ba su saki asirin manhajarsu duka ba, amma sun bar ƙofa a buɗe, sun ba ɗan wasa kayan aikin da zai sauya dokoki ya gina nasa fagen. Wani sojan Niyuzilan, Dean Hall, ya bi ta ƙofar nan ya ƙera wasan DayZ a 2012. Wani ɗan Ailan mai ɗaukar hoto da ke zaune a Barazil a lokacin, Brendan Greene, ya ɗora a kan aikin Hall a 2013, ya fito da tsarin a zuba mutane a fili ɗaya sai ɗaya ya rage. Wani kamfanin Koriya ta Kudu ya ɗauke shi aiki, PUBG ya fito a 2017, su Free Fire suka bi sawu. Greene bai fito daga wata babbar makarantar ƙera wasanni ba. An dai bar shi ya buɗe abu ya ga cikinsa. Wasannin waya kuwa a rufe suke ruf. Yaron Kiru zai shekara biyar yana bugawa, ya ƙware, ya kashe kuɗin da ya samu a cirar masara wajen sayen lu'ulu'un wasa, amma ko ƙusa ɗaya ba zai iya sauyawa a ciki ba.

Linux ita ce wannan ƙofar, amma a buɗe gaba ɗaya. Babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, aka haɗa ta da aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Lasisinta ya ba kowa izinin ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kwafa ya raba wa wanda ya so. Ba baƙuwa ba ce a aljihunmu: Android ɗin da ke cikin Tecno da Infinix a kan ƙashin bayan Linux aka gina shi. Tun 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu da ita suke aiki. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'inta da suka fi yaɗuwa, ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi a 2004.

Kuma Riruwai ta san wannan labarin tun kafin a ƙera kwamfuta. Kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar nan suna haƙo kuza, suna narka ta da kansu, suna zuba ta sirara kamar tsinke a kai kasuwa. Ganin wannan ƙarfe a hannun fatake yana cikin abin da ya sa Turawa suka bi sawunsa har tsaunukan Jos. Da kamfanoni suka zo, sana'ar narkawa ta mutu, jikokin masu narkawa suka koma leburorin haƙa da wanki. Aka haƙa rami mai zurfi a Riruwai, aka kawo injina, sannan aikin ya tsaya a shekarun 1980, kasuwar kuza ta duniya ma ta rushe a 1985. Yau kusan rabin kuzar da duniya ke narkawa tana tafiya ne wajen dalmar da ake liƙa kayan cikin waya da kwamfuta. Wato irin abin da ke ƙarƙashin duwatsun Riruwai shi ne ya riƙe na'urar da jikan garin ke wasa da ita, shi kuma bai san yadda ake kwance ta ba. Wannan abu yana ci mini rai. An taɓa raba mu da sani aka bar mu da aikin ƙarfi, bai kamata mu miƙa wuya a sake yi mana haka a kan allo ba.

Na san hujjojin masu Windows, kuma ba na raina su. Mai shagon buga takardu a Tudun Wada da CorelDraw yake cin abinci, shi kuwa ba ya hawa Linux. Wasu na'urorin buga takarda sukan yi gardama. In abu ya lalace, masu gyara sun fi sanin Windows. 'Yan wasa ma suna da tasu: PUBG da sababbin Call of Duty na kwamfuta ba sa yarda su tashi a Linux saboda manhajar hana maguɗi da ke cikinsu, duk da cewa tun da kamfanin Valve ya kawo manhajar Proton a 2018 dubban wasanni sun samu hanya, har da Arma 3. Wanda sana'arsa ta rataya a kan Windows ya zauna a kai, ba shi nake wa magana ba.

Maganata a kan makarantu ce. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma yana neman wani guntun tsaro da sabon inji waɗanda yawancin kwamfutocin gwanjo da ake sayowa daga Kano ba su da su. Abin da ya rage wa makarantar karkara shi ne ta ci gaba da tsohon Windows mara kariya, wanda sau da yawa ma na satar fasaha ne, ko ta jibge na'urorin a sito ƙura ta cinye. Zanen aro ba ya rufe katara. Alhali kwamfutar da ta shekara goma za ta tashi da Linux Mint ko Lubuntu ta yi aiki lafiya, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Python na koyon rubuta manhaja, da Kiwix mai ajiye Wikipedia, har ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. Ga wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan na ƙarshen kaɗai ya isa dalili. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, kuma yaron da zai zauna jarrabawar abin da yake bukata shi ne hannunsa ya saba da madannai da linzami, ko wace manhaja ce a ciki.

Ba yau aka fara kawo wannan shawara a Najeriya ba. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva, sai labari ya fito cewa za a goge a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. A wajajen shekarun nan ne kuma wani kamfanin Legas ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo. Duka biyun ba su yi saiwa ba, kuma a ganina dalilin shi ne an kawo na'ura ba a gina malamin da zai riƙe ta ba. Jihar Kerala ta Indiya ta bi ta kan malamai, shi ya sa makarantun gwamnatinta suka daɗe a kan Linux har yau.

Don haka nake kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da ma'aikatar ilimi ta jiha, da hukumar NITDA: ranku ya daɗe, aikin nan bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. A ƙirga matattun kwamfutocin da ke sakandaren kowace ƙaramar hukuma. A zaɓi malamai biyu biyu a horar da su a lokacin hutu. A sa sola a ɗaki ɗaya. Sannan a kira samarin nan da ake zagi da kwana a kan Free Fire, domin su ne ba sa tsoron na'ura, su ne suka riga suka iya karatun taswira da aiki cikin rukuni. A ba kowane rukuni kwamfuta ɗaya da sukundireba da filashi mai ɗauke da Linux, a ce su tayar da ita, in ta tashi su zana taswirar garinsu a ciki, daga kasuwa har bakin dajin Falgore.